Shayin Usta Fikri

Shekara ashirin da huɗu ke nan ina dafa shayi a lungunmu na Babul Luƙ da ke Alƙahira, kuma a cikin duk waɗanda na taɓa kai wa kofi babu wanda ya ƙona mini rai kamar Usta Fikri. Babu kuma wanda nake ji da shi kamarsa. Usta kuwa, haka muke kiran gwanin sana'a a nan. Teburinsa yana kallon murhuna, taku shida ne tsakaninmu. Ba ya gyaran waya kamar sauran 'yan lungu, ba ya sayar da caja ko batir. Sana'arsa sauraro. A kawo masa iyafis, irin 'yan ƙananan nan da ake cusawa cikin ramin kunne, ya saurara, ya faɗi na kirki ne ko na banza. Da wannan ya ci ya sha, da wannan ya kai 'yarsa jami'a.

Da ƙuruciya shi ne mai kula da sauti a bayan makaɗan biki. Ya zaga ƙasar nan daga Aswan har bakin teku yana murɗa maɓallai, mawaƙi na tsuke fuska yana nuna masa kunne, shi yana gyarawa. Da matarsa Afaf ta rasu ta bar masa yarinya 'yar shekara shida, sai ya ajiye yawo, ya kama teburin nan don ya riƙa kwana a gida. Tun ba a san da shi ba har ta kai 'yan kasuwar da ke odar kaya daga Sin ba sa cewa a loda sai sun kawo masa samfuri. Mawaƙa na zuwa. Daga baya masu wasan gem suka gano shi, suka riƙa cika mana lungu da surutun da ba na gane kansa.

Mutumin nan yana lallaɓa kunnensa kamar ƙwai. A jirgin ƙasa da auduga yake toshe shi. In mota ta danna ham a bakin titi sai ya dafe kai ya bi direban da addu'ar da ba ta alheri ba. Ni kuwa na sha faɗa a kan cokali. Ina juya sukari ya ɗan taɓa gilashi, sai in ji daga can, "Shahata, biki ake?" In ce, "Usta, shayi nake dafawa, ba jinya ba." Amma ido, wannan ko oho. Likita ya rubuta masa tabarau shekara bakwai da suka wuce, 'yarsa ta saya, yana nan cikin aljihun tebur ko ledarsa ba a cire ba. Wai tabarau na tsofaffi ne. Mutumin da ya ba sittin baya ke faɗin haka.

Yadda yake aiki ɗaya ne, bai taɓa canzawa ba. Zai zare igiyar da iyafis ya zo da ita ya ajiye gefe, ya jona tasa, wata baƙa mai haƙora biyu a kowane kai, don ya ce ba ya yarda da igiyar da bai sani ba. Ba ya dubawa in zai jona. Da farcen babban yatsa yake laluben 'yar tsagar da kamfanoni ke yi a jiki, in ya ji ta ya tura. Sai ya goge robar bakin, ya cusa, ya rufe ido. Minti uku da 'yan daƙiƙu. A wannan lokacin ko tari ba na yi.

In abin ya yi masa, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Shahata, shayi ga baƙo." Hukuncin ke nan. In bai yi masa ba, ya mayar cikin kwali, ya rufe, ya tura wa mai shi da yatsu biyu, ya faɗi abin da ya ji a taƙaice. Har ya zama a kasuwar nan in ana ciniki sai ka ji mai saye na tambaya, "Wannan ya sha shayi?" Kuma ba ya sauraron abu sau biyu, ko za ka kwanta masa a ƙasa. Ya ce kunne in ya ji abu karo na biyu ya riga ya saba da shi, sai ya fara nema masa uzuri.

Na tuna ranar da Dokta Bahgat mai kantin magani ya zo da wani ja mai sheƙi. Magidanci ne da 'ya'ya uku, amma da ya rufe kanti sai harbe-harbe a kwamfuta. Usta ya saurara, ya rufe kwali, ya tura.

Bahgat ya ce, "Haba Usta. Na 'yan gem ne fa na musamman. In bam ya tashi har haƙorana rawa suke."

"Haƙoranka kake son ji ko mutumin da ya laɓe a bayanka?"

"Duka biyu."

"Ba a yi duka biyu a wannan ba. Ƙugin ya yi yawa, ya danne komai. Mai gas ya shige cikin mai keke, na kasa raba su. In ka sa wannan sai an harbe ka sannan ka juya kana tambayar daga ina."

"Wallahi haka ake mini kullum."

"To ka gani. Ka nemo wanda zai gaya maka inda ƙafa take, hagu ko dama, sama ko ƙasa. Bam ko kurma ya san ya tashi."

Bahgat ya juyo gare ni, ni da 'yan lungu ke kira Ammu, wato baffa. "Ammu Shahata, ko ruwa ba za a ba ni ba?"

Na ce, "Ruwa akwai, Dokta. Shayi ne ba ka ci jarrabawarsa ba."

Mai gas da mai keken nan da yake ambata ba a waƙa suke ba. Abin da Usta ke saurare a minti ukun nan titin gidansu ne na unguwar Shubra. Wata safiyar Juma'a, shekara ɗaya kafin rasuwar Afaf, ya maƙala 'yan makirufo biyu a hularsa, ɗaya a saitin kowane kunne, ya tsaya a baranda ya naɗi abin da ke faruwa. Wasa ya ɗauke shi a lokacin. Ya sha gaya mini abin da ke ciki har na haddace. Mai tallan gas yana buga sifana a jikin tukunyar gas, can ƙasa ta hagu. Tattabaru suna tashi daga rufin da ke kallonsu, ta sama. Mai keke yana kaɗa ƙararrawa daga dama ya wuce hagu. Rediyon maƙwabta na kiɗa daga nesa, da ganga mai nauyi da sarewa siririya, a nan yake auna abin da mawaƙa ke bukata. Sai a minti na biyu Afaf ta fito ta tsaya a gabansa ta ce, "Fikri, cire hular nan ka zo, wake zai huce."

Ya ce in iyafis na kirki ne, tana tsaye daidai hancinsa, tazarar hannu ɗaya. In na banza ne sai ta yi nisa, ko ta shige cikin kansa, ko muryar ta zama ta wata mata. Sauran duk yana iya yi musu sassauci. Wannan ba ya yi.

Ba wanda ya taɓa jin naɗin nan sai shi. Attajirai sun roƙa, ya hana. Sau ɗaya tak ya sa wa 'yarsa Nisrin, tana shekara bakwai. Da aka zo minti na biyu yarinyar ta miƙa hannu gaba tana lalube, ta buɗe ido ba ta ga kowa ba. Ya fizge abin daga kunnenta. Kwana uku tana kuka ba ta cin abinci, shi kuma ya yi alkawari tsakaninsa da ransa ba zai ƙara ba. Ta girma ta san kalmomin, don yana faɗa, amma muryar ta manta ta.

A gabana Nisrin ta girma. A kan bencina ta yi aikin gida na makaranta, ta sha mini madara ba adadi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ta karanci injiniyanci, ta yi shekara huɗu a wani kamfani da ke haɗa na'urar masu raunin ji, sannan rana ɗaya ta ajiye aikin ta kama ɗan ɗaki a hawa na uku na benen da ke bakin lungu. Wai iyafis za ta riƙa ƙerawa da hannunta. Ta zuba ɓawon da kanta, ta dasa sifikoki ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ta liƙa da dalma. Tana da wata na'ura da ke sauraro a madadin mutum ta zana layi a allon kwamfuta. A kan wannan na'urar suke tsokanar juna da ubanta duk ranar Allah.

"Injiniya, yau me layinki ya ji?"

"Ya ji abin da kunnenka ya daina ji tun bara, Baba."

"Layi ya taɓa zuwa biki?"

"Layi ba ya mura. Ba ya fushi da mai shayi kuma."

Shi sai ya yi dariya, ya tura mata rabin burodinsa. Yana alfahari da ita, kowa ya sani, ko da yake bakinsa bai iya faɗa ba.

Shekara biyu ta yi a ɗakin nan. Ta ƙera ta fasa, ta ƙera ta fasa, ba ta kawo masa ko ɗaya ba. Wata rana da safe ta zauna a bencina ta ce, "Ammu Shahata, na gama. Talata zan kawo masa. In ya ba ni shayi zan ci gaba. In bai ba ni ba in rufe ɗakin in koma kamfani, sun ce kujerata na nan."

Na ce, "'Yata, ki kai wa wani mana. Masu kunne sun ƙare a Alƙahira?"

"Wa zan kai wa? Duk wanda na kai wa, wurin Baba zai zo ya tambaya."

Gaskiyarta ce.

Ranar Talata bayan azahar ta sauko da su a cikin ɗan gwangwani, shuɗaye masu santsi. Labari ya riga ya zaga. Girgis mai sayar da igiyoyi ya bar shagonsa a buɗe ya zo, Dokta Bahgat ya zo, har masu gyaran waya sun ajiye abin liƙinsu. Ni na riga na ɗora ruwa, na wanke gilashina mai bakin zinariya, na tsinko na'ana'a. Nisrin ta ajiye gwangwanin a gabansa ta kasa tsayawa. Ta dawo wurina ta juya masa baya tana kallon buta.

Na ga Usta yana laluben jikin iyafis ɗin da farce, ya ɗan jima fiye da yadda ya saba. Sai ya jona, ya cusa, ya rufe ido. Minti na farko fuskarsa ta saki, har na ga gefen bakinsa ya motsa. Na zuba sukari. Da aka shiga minti na biyu sai girarsa ta haɗe. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama, kamar mai neman wani a cikin taro. Ya kai ƙarshe, ya zare, ya ajiye a hankali. Bai ɗaga yatsa ba.

Nisrin ta juyo. "Baba?"

"Mai gas yana wurinsa. Tattabaru suna wurinsu. Kiɗan ya fito tsaf, ban taɓa jin gangar nan haka ba."

"Amma?"

"Amma uwarki ba ta ciki."

Usta ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. "Muryar na nan, sai dai ta watse. Tana ko'ina, ba ta tsaya ko'ina ba. Na neme ta a gabana ban same ta ba."

Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na gode, Usta," ta wuce. Tunda aka haife ta ban taɓa jin ta kira shi Usta ba. Ko iyafis ɗin ba ta ɗauka ba. Shi ma bai iya zare su daga igiyar ba, ya rataye su haka nan a ƙusar da ke bayan kujerarsa, ya ciro igiyarsa ta ajiya ya ci gaba da aiki da ita.

Da mutane suka watse na je na tsaya a kansa. Raina a ɓace yake ƙwarai.

"Usta, 'yarka ce fa."

"Shi ya sa."

"Da ka ɗaga yatsan nan, wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ranar da ta gane kuma, ba za ta ƙara yarda da komai nawa ba."

"To ko da za ka hana, sai da wannan maganar? Duk kalmomin duniya ba ka samu wata ba?"

Magana zarar bunu ce, ya san ta fita. Na zubar da shayin a kwata, abin da ban taɓa yi ba.

Juma'a ta zo, Nisrin ba ta je gida cin miyar lalon da suka saba ci tare ba. Ya gaya mini da kansa, wai ya dafa ta mutum biyu. Ta daina bi ta lungu, ta ƙofar baya take shiga benen. Na hau na kai mata shayi ranar Lahadi, na kuma ce mata nawa ne, ba na hukunci ba. Na tarar ta fara haɗa kaya cikin kwalaye.

Ta ce, "Na auna 'yan'uwansu guda huɗu da muka zuba tare, Ammu. Layi lafiya lau. Ka ga ke nan abin da ya ɓace ba ya aunuwa. Shi yana jin sa, ni ba na ji. Wanda ba ya ji kuwa ba shi da hurumi a sana'ar nan."

"Kina fushi da shi."

"Ba fushi nake ba. Bai taɓa ƙarya a kan sauti ba. Kunyar haɗa ido da shi nake ji." Ta liƙe bakin kwali. "Ƙarshen wata zan ba da makulli."

Shi kuwa a ƙasa ya zama wani iri. In na kai masa shayi sai ya huce a gabansa. Cokali ya yi ƙara bai tanka ba, har na riƙa buga shi da gangan ko zai yi mini faɗa, bai yi ba. Tausayinsa nake ji, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Rana ba ta shiga lungunmu sai na kwatan awa ɗaya kafin azahar, ta wata kafa a rufi. Kwana tara bayan abin, Usta ya tafi alwala, na je kwashe gilashi daga teburinsa, hasken ya faɗa daidai kan ƙusar nan. Ni ban san komai a kan sauti ba, amma idona garau yake. Na ga a jikin kowane iyafis akwai ɗan ɗigo ja, ƙarami kamar kan allura. A kan igiyar ma akwai ɗigo fari. A na dama, ja da fari suna kallon juna. A na hagu, ja na nan, fari ya koma bayan. Na kira Girgis da hannu.

Ya duba, ya sake dubawa, ya dafe baki. "Ya juya haƙoran."

"Sai me?"

"Sai komai, Ammu Shahata. In ka juya a kunne ɗaya, sifikar dama na turawa, ta hagu na ja. Abin da ke gefe ya zauna a gefensa, ba ruwansa. Abin da ke tsakiya ne zai rasa wurin tsayawa."

"Ya aka yi bai gane ba?"

"Na kamfani suna da tsaga, da farce yake ji. Nata sumul suke, ɗigo ta sa. Ɗigo kuma sai da ido." Ya ja da baya. "Kai za ka gaya masa."

"Kai ne masani."

"Ni ina da 'ya'ya ƙanana."

Matsoraci. Ya koma shagonsa ya leƙo ta bayan igiyoyi.

Na bari Usta ya yi salla ya zauna. Na ciro abin daga ƙusa na ajiye a gabansa yadda yake.

"Mayar da shi, Shahata."

"Sai ka duba."

"Ba na sauraron abu sau biyu. Ka fi kowa sani."

"Ban ce ka saurara ba, cewa na yi ka duba. Akwai ɗigo a jiki. Na hagu a juye ka jona shi."

"Shekara arba'in ina jona igiya."

"Shekara bakwai kuma kana ƙin sa tabarau."

Ya ɗago ya kalle ni, irin kallon da yake wa direbobi. "Kunnena ba ya ƙarya."

"Kunnenka bai yi ƙarya ba. Abin da hannunka ya ba shi ya ji. Kai nata ko sau ɗaya ba ka saurara ba, Usta. Kuskurenka ka saurara, ka ɗora wa yarinya."

Na zaci zai kore ni. Ya daɗe yana kallon tebur. Sai ya ja aljihun, ya ciro tabarau, ya yage ledar da haƙori, ya ɗora a hanci. Ya ɗaga na dama ya duba. Ya ɗaga na hagu. Gani ya kori ji. Ya zare haƙoran, ya juya su, ya haɗa ja da fari. Ya goge robar, ya cusa, ya rufe ido.

Na tsaya ban motsa ba. Minti ɗaya ya wuce. Da na biyu ya shiga sai na ga kafaɗunsa sun sauka, ya ɗan ja kansa baya kamar wanda aka tsaya masa kusa. Leɓensa ya motsa. Ina kusa, na ji abin da ya ce. Cewa ya yi, "Ga ni nan zuwa."

Ya kai ƙarshe, ya zare, ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu, ya mayar.

"Shahata, shayi."

"Ga wa? Baƙuwar ba ta nan."

"Ka dafa dai. A gilashi mai bakin zinariya. Ka ba ni tiren."

A shekara ashirin da biyu da ya yi a teburin nan ban taɓa ganin ya kai wa wani ko ruwa ba. Ya sa iyafis da 'yar na'urar naɗinsa a aljihu, ya ɗauki tire da hannu biyu, ya bi tsakiyar lungu da tabarau a fuska. Masu gyaran waya suka ɗago. Wani ya ce, "Usta, ka canza sana'a ne?" Ya tsaya, ya ce da ƙarfi yadda na ƙarshen lungu zai ji, "Na Nisrin ya sha shayi. Ni na jona shi a juye ranar Talata. Duk wanda ya ji na farko ya ji wannan." Ya ci gaba da tafiya. Na bi shi a baya, don gilashin nawa ne, kuma ban yarda da riƙon tirensa ba.

Hawa uku da gwiwa irin tasa ba wasa ba ne. Ya huta sau biyu, ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na shayin a tire. Ƙofar a buɗe take. Nisrin na durƙushe tana naɗe na'urar awonta da tsumma. Ta ɗago ta ga tabarau, ta ga tire, ta miƙe a hankali.

"Baba, mene ne wannan?"

"Shayinki. Ya yi latti da kwana tara."

"Ba na son na tausayi."

"Kin taɓa ganin na ba da na tausayi?" Ya ajiye tiren a kan kwali, ya ciro iyafis ɗin ya nuna mata ɗigon. "Na hagu. Na juya haƙoran. Ban gani ba, don na ƙi in gani."

Ta karɓa ta duba. Injiniya ce, ba ta bukaci bayani ba. Ta zauna a kan kwalin da ke bayanta. "Ko a raina ban kawo ba. Na auna komai, ban taɓa tunanin kai za ka yi kuskure ba."

"Ni ma haka, shi ya kai mu nan. Ki yafe mini, 'yata. Maganar da na faɗa miki ba ta da kyau, ko da a ce gaskiya ce. Balle ba gaskiya ba ce."

Ta juya abin a tafin hannu. Sai ta tambaya, a hankali, "Tana ciki?"

"Tana ciki. Ban taɓa samun ta kusa haka ba. Har ƙarar awarwaronta na ji, shekara ashirin da uku ban san yana cikin naɗin ba."

Ya ciro na'urar daga aljihu ya jona. Ya duba ɗigon sau biyu. Ya goge robar da gefen rigarsa, ya miƙa mata.

"Baba, ka ce ba za ka ƙara ba."

"Na faɗi abubuwa da yawa. Ke kika ƙera inda za ta tsaya, ke ya kamata ki gan ta."

Ta cusa, ta rufe ido. Ya danna. Muka tsaya mu biyu muna kallonta, ina lissafin lokacin a raina: yanzu mai gas, yanzu tattabaru, yanzu keke ya wuce. Da minti na biyu ya zo, hannunta na dama ya tashi daga cinyarta ya miƙe gaba, tazarar hannu ɗaya. Wannan karon bai fizge komai ba. Ya matsa ya riƙe hannun. Hawaye na zuba mata, ba ta buɗe ido ba har aka gama.

Ta zare guda ɗaya. Ta kalli kwalayen, ta kalle ni, ta ce, "Ammu Shahata, in na kwashe kayan ka zo ka ɗauki kwalayen nan, sun tare mini wuri." Sannan ta juya ga ubanta ta mayar da iyafis ɗin kunne.

"Baba, sake."

Usta Fikri, wanda ba ya sauraron abu sau biyu, ya mayar da naɗin baya zuwa farkonsa ya danna mata. Na ga shayin ya huce a kan kwali, sai na sauka na ɗora wani ruwan.